Saƙon da Bai Jira Alhaji Ba

Akwai wata Alhamis da ko tsufa ya sa na manta sunayen jikokina, ita ba zan manta da ita ba. Ran nan ne na dubi mutumin da ya girmi mahaifina, a gaban taro, na ce masa a'a. Har yau nadama kam ban taɓa yi ba.

A lokacin ni ce sakatariyar wata ƙungiya ta manoma da makiyaya mai ɗan biro, wato ofis, a Magariya. Aikinmu hana rigima ne a lokacin kaka, musamman in hukuma ta tsayar da ranar sakin gonaki, wato ranar da dabbobi ke samun izinin shiga su ci abin da ya rage bayan girbi. Muna da wakilai a ƙauyuka har cikin Dungas. Kowannensu yana da manhajar ajiye bayani a salularsa, ya rubuta abin da ya gani, ko ya ɗauki murya in rubutu ya yi masa wuya, ni kuma in gani daga biro. Can gefe guda muna da gurup na saƙonni, inda masu gari da ardo-ardo da sauran manyan ƙungiya suke.

Tsakanin waɗannan manhajoji biyu babu gada sai ni. In kwafe bayanan wakilai, in shirya rapor, wato rahoto, in kai wa shugabanmu, wani dattijo da kowa ke kira Alhaji. Sai ya samu sukuni ya karanta, ya ce a fitar, sannan in zuba a gurup. Saniya kuwa ba ta jiran sa hannun kowa. Sau da yawa labari kan kwana uku ko huɗu a hanya, ya iso an riga an yi ɓarnar, har an zare sanduna.

Ni ba injiniya ba ce, a koleji na tsaya. Amma ina da taurin kai, wannan ko mahaifiyata ta shaida. Na ci karo da wata manhaja ta uku wadda aikinta haɗa manhajoji, kuma ba ta neman ka iya yaren na'ura. Gurabe biyu kawai za ka cika: idan kaza ya faru, sai a yi kaza. Na buɗe jaka ta musamman a wurin bayanai, na sa mata suna gaggawa, na ce idan wakili ya ajiye wani abu a cikinta, sai a tura shi gurup nan take, rubutu ne ko murya. Megar intanet ta sati guda na ƙone a kwana biyu ina gwadawa yana ƙi, har ya yarda.

Saƙon farko da ya tafi da kansa shi ya ja mini zagi. Abin da ban yi tunani ba shi ne, wakilai a gajarce suke rubutu, don sun san ni kaɗai ke karantawa. Ni ce kullum nake ɗora sallama, da ina kwana, da yaya iyali, da yaya gajiya. Sai ga magana ta faɗo wa dattawa tsirara: shanu sun bar burtali a yammacin gari. Wani mai gari ya tambaya ko wane mara kunya ne ya shigo wa manya ba sallama. Wannan laifina ne, na karɓa. A ranar na rubuta gaisuwa cikakkiya, na sa ta riƙa hawa kan kowane saƙo kafin ya fita.

Alhaji ya kira ni, ya ce shi ba gaisuwar ce ta dame shi ba. A tsarinmu magana ba ta tsallake babba, kuma labarin da bai bi ta bakinsa ba yana iya tayar da faɗan da shi za a kira ya kashe. Ba mugun mutum ba ne, ya daɗe yana sasanta mutane tun ina goye. Sai dai ya saba komai ya kwana a aljihunsa tukuna. Ya ce in kashe abin nan. Na sunkuyar da kai na ce to, na fita, ban kashe ba. Na dai gaya wa wakilai kada wanda ya taɓa jakar gaggawa sai abin da ba zai iya kwana ba, shi ya sa aka yi sati biyu shiru.

Sai ranar sakin gonaki ta zo. A wani ƙauye kusa da Mallawa, ruwan farko ya yaudari mutane, shuka ta mutu, aka sake. Hatsi an samu an cire, amma waken mata yana nan a gona bai gama bushewa ba. Wanda ya san ƙauye ya san abin da wake yake ga mace: shi ne cefanenta, shi ne suturar 'ya'yanta, har wata kakar. Wakiliyarmu ta can ta ji labarin garke uku sun doso, gobe da hantsi za su iso. Ta kira Alhaji, yana garin Waca wurin ta'aziyya, wayarsa a kashe. Ta kira ni, ina cikin motar haya da mahaifiyata za mu asibiti, a inda babu rezo, waya ba ta shiga. Ardon da ke jan garken kuwa ba ta da lambarsa, ko da tana da ita, mace irinta ba ta kiran ardo kai tsaye. Sai ta ɗauki murya ta jefa a jakar gaggawa.

Lokacin da salulata ta kama rezo da azahar, an riga an gama komai ba ni. Ardo ya ji saƙon a bakin rijiya, ya amsa da muryarsa cewa zai tsare shanu a tafki kwana biyar. Mai garin ƙauyen ya kira gayya, mata da maza suka shiga roron wake. Na zauna a bencin asibiti ina sauraron muryoyin nan ɗaya bayan ɗaya, hawaye suna zubo mini, har mahaifiyata ta ɗauka likita ne ya faɗa mini wani mugun abu a kanta.

Alhaji ya dawo ya kira taro ran Alhamis. Ya fara da godiya ga Allah da ya tsare, ya gode wa ardo. Sannan ya ce amma ba wannan ya tara mu ba. Ya ba da umarni, an ce masa to, an juya an yi akasinsa. A nan gaskiya ya faɗa, kuma na ji kunya har cikin ƙashina. Ya nuna salular biro da ke kan tabarma, wadda a kanta na haɗa manhajojin.

"Ɗauki ki kashe shi yanzu, a gaban kowa."

Na durƙusa kamar yadda aka koya mini, na ce, "Alhaji, ka yafe mini ƙaryar da na yi maka. Amma wannan, wallahi, ba da hannuna ba. Ga salula, na buɗe ta, wuri ɗaya za a taɓa. Wanda zai kashe ya zo ya kashe, ardo yana kallo, wakiliyar Mallawa tana kallo."

Babu wanda ya motsa. Can ardo ya gyara zama, ya ce a hankali, "Alhaji, da saƙon nan ya jira ka, da yau ba a tabarma muke ba, muna gaban jandarma."

Alhaji ya miƙo mini hannu ya ce in ba shi makullin biro. Na kwance shi daga bakin zanina na ajiye masa, na ɗauki jakata. Har na kai ƙofa ina jiran wani ya ce in dawo, babu wanda ya ce. Wannan ya yi mini ciwo, kuma na daɗe ban yafe musu ba. Amma babu wanda ya taɓa salular nan ma, kuma wanda aka naɗa a madadina bai kashe komai ba.

Na rasa aikina, matan ƙauyen nan suka kai wakensu rumbu. In aka sake ɗora mini zaɓin nan gobe, haka zan sake zaɓa. Abin da na koya shi ne, girmama babba wajibi ne, amma barin abincin mutane ya lalace don kada a riga shi jin labari ba ladabi ba ne, tsoro ne. Abu ɗaya kawai zan canja: a'ar da na faɗa a gaban taro, da tun ranar farko na faɗa masa ita a fuskarsa.