Fallen Lyon da Tofin Gwaggo

A shekarata ta ƙarshe ta karatun digirin dakta a fannin kimiyya, rayuwata duka ta rataya a kan wani ɗan falle da bai kai bawon albasa kauri ba. Kai, bawon albasa ma bargo ne a kusa da shi.

Aikinmu a ɗakin bincike da ke kudancin Paris shi ne auna maganaɗisun cibiyar ƙwayar zarra. Wani ƙaton inji ne ke harbo ƙwayoyin a guje su ratsa wannan falle. Duk wadda ta bugu sai cibiyarta ta harzuƙa na wani ɗan lokaci da ƙiftawar ido ma ta yi masa tsawo, ta ɗan juya, sannan ta huce ta fitar da haske. Daga yadda hasken ya karkata muke gane ƙarfin maganaɗisunta. Injin kuwa layi ake bi. Mako guda aka ba mu, in ya wuce sai baɗi, ni kuma tallafin karatuna ba zai kai baɗi ba. In babu falle babu awo, in babu awo sai in tattara in koma gida hannu rabbana.

Wani dattijon Bature ne a Lyon yake yin fallen. A kan ruwa yake shimfiɗa shi, ya tsamo shi da ɗan zoben ƙarfe. Ya daɗe yana fama da namu, biyu kawai suka rayu. Ba a aika irinsu ta gidan waya, sai malamina ya ce in je in ɗauko ran Juma'a. Ni! Murna kamar an ce in je ɗaukar amarya. Dattijon ya miƙo mini ƙananan akwatuna biyu, ya ce kada a taɓa, kada a girgiza. Na ce ya kwantar da hankalinsa, mu 'yan Maraɗi tun muna yara muke tallan ƙwai a ka.

A jirgin ƙasa na rungume jakata ina ta murmushi ni kaɗai. Duk wanda ya gifta kusa sai in galla masa harara, sannan dariya ta kama ni. Mai duba tikiti ya tambaye ni ko kyanwa ce a ciki. Na ce a'a, digirina ne.

Kafin in iso Paris an rufe ɗakin bincike sai Litinin, dole na wuce da su gida Stains, wajen Gwaggo, ƙanwar mahaifina da nake zaune a hannunta. Gwaggo kuwa ba abin da ke shiga gidanta ko ya fita bai sha addu'a da tofi ba. Fasfo ya sha, sabon takalmi ya sha, har katin shiga jirgin metiro.

"Ɗiyata, wagga tahiya duka don mi? Buɗe in gani abin da ya kai ki har Lyon."

"Gwaggo, ba a buɗe shi hakanan."

"Ni ce hakanan?"

Wa ya isa ya amsa wannan? Ni ma ɗin dai ɗoki na cina in nuna. Na rufe taga da ƙofa, na ɗora akwati ɗaya a tebur, na ce don Allah kada ta taɓa. Ta mai da hannuwanta baya kamar 'yar firamare. Na ɗaga murfin a hankali, ga fallen yana sheƙi a cikin zobensa. Gwaggo ta sunkuya. Na ga leɓunanta na motsi, na ɗauka mamaki ne.

"Tuf, tuf, tuf."

Na farkon ma ya isa. Zoben ya zauna wayam, wani ɗan baƙin abu ya tashi sama yana lilo.

"Ina ya tahi?"

"Gwaggo, kin hure shi."

"Wallahi ban taɓa ba! Ga hannuna!"

Kuka na so yi, dariya ta riga shi. Na zube ƙasa ina riƙe ciki, rabi dariya rabi tsoro. Gwaggo ba ta yi dariya ba. Da na bayyana mata saura ɗaya tak, kuma shi ne digirin, sai fuskarta ta canja, ta zauna a bakin kujera. Na ji tausayinta har cikin raina.

Asabar da Lahadi gidanmu ya koma gidan kurame. Akwatin na saman kabad, Gwaggo na tafiya da sanɗa. Atishawa sai ta fita baranda. Ƙawayenta na La Courneuve da ke zuwa hira duk Lahadi, daga bakin ƙofa ta sallame su. Ina bin ta ina ƙyalƙyala dariya, ina ce mata ai akwatin a rufe yake.

"Ke dai rabu da ni, ban yarda da bakina ba."

Ran Litinin da safe ta sa na kai jakar can ƙarshen lungu na ajiye, sannan ta kira ni. "Zo nan, ke dai ba ki hujewa." Ta tofa mini addu'ar a ka.

A ɗakin bincike na ce wa malamina ɗaya bai iso ba. Ya ɗaga kafaɗa irin ta Faransawa, sannan ya ɗaura na biyun a cikin akwatin gwaji da matuƙar lallami. Sai da aka zuƙe iskar akwatin gwajin sannu-sannu, don gaggawa kaɗan ma tana fasa shi. Na leƙa ta ɗan gilashin, yana nan. Da la'asar aka sako ƙwayoyin, layuka suka fara tasowa a allon kwamfuta. Na daka tsalle, na rungume kujera, na jawo waya.

Gwaggo ta ɗauka ko gaisuwa babu, murya ƙasa-ƙasa. "Yana nan?"

"Yana nan, Gwaggo! Yana aiki!"

"Kina kusa da shi?" Har yanzu da raɗa.

"A'a, katangar siminti ce tsakaninmu."

"To in saki?"

"Saki!"

Guɗar da ta rangaɗa sai da malamina ya zubar da kofinsa. Can ƙarshen guɗar na ji muryarta ta karye.

"Da na kashe miki karatu da bakina, ɗiyata, da wace huska zan dubi ubanki?"