Zoben da Ya Taɓa Zama Mujiya

Jikokina sun sha tambayata asalin zoben azurfar da ke yatsana, ni kuma na sha ce musu gadon mahaifina ne. Ƙarya nake yi. Mahaifina a ƙafa ya zo hajji, abin da ya bar mini buta ce da tari. Yanzu da duk masu yi mini dariya a kan maganar suka riga ni kwanciya, bari in faɗi gaskiya. Karatuna izu huɗu ne da 'yan watanni a makarantar manya, saboda haka wanda ya ga harafi ya karkace ya tallafe shi.

Zamanin da Karantina, unguwarmu a Jidda, gidajen katako ne da kwano, ina tuƙa wa wani tsoho mutumin ƙasar Girka mota. Aikinsa gyaran injin jiragen ruwa a mina, wato tashar jirgi. Kowa Hawaja yake ce masa, kamar yadda ake ce wa Turawa a can, ni kuma yana ce mini Usta, wato direba. Ba mata, ba ɗa, sai wani akwatin katako mai aljihuna shida, cike da tsabar kuɗin kakanninsa na tun kafin haihuwar Annabi Isa. Kowanne yana da raminsa, da 'yar takarda a ƙarƙashi.

Duk Juma'a bayan la'asar sai ya kira ni, ya zuba mini shayi da hannunsa, ya miƙo mini gilashin ƙara girma. A duk Jidda ni kaɗai yake buɗe wa akwatin nan. Nakan ɗaure fuska kamar alƙali, in juya kuɗin in ce, "Hawaja, wannan ko wake da burodi mai shago ba zai ba ka da shi ba." Ya yi ta dariya har ya ƙware. Ban san darajar zaman nan ba a lokacin. Na ɗauka shayi ne kawai.

Akwai guda ɗaya da ya fi so, mai kauri, gefensa ba daidai ba. A fuska ɗaya mace ce da hular yaƙi, a ɗayar kuma mujiya, ta zaro ido kamar an kama ta da satar nama. Wannan ba saye ya yi ba. Mahaifinsa ne ya tono ta da garma a gonarsu ta zaitun.

Ni da mai ɗakina mun binne jarirai biyu kafin Allah ya ba mu mace. Ranar suna sai ga Hawaja a lungunmu cikin farin wando, yana tsallake kwata. Ya zauna a tabarma, ya ci waina da yaji har hawaye. Da zai tafi ya danƙa mini wani abu a ƙulle cikin hankici.

"Mabruk, ya Usta. Na yarinya ne. A wajenmu tsuntsun nan na ilimi ne. Allah ya sa ta yi karatu ta fi ubanta."

"Wannan ai ba wuya, Hawaja," na ce.

Surukata ce ta kwance hankicin. Ita ba ta magana da ni kai tsaye, kunya ta hana, sai dai ta fuskanci bango ta ba shi saƙo. Ta sa salati, ta ce wa bango, "A gaya wa mai gidan nan, mujiya ba ta kwana ɗaki ɗaya da jariri. Biyu sun tafi. Ko so yake a cika uku?" Mai ɗakina ta ƙara matse yarinyar a ƙirji.

Na so in ɗora wa tsohuwar laifin duka, ga shi ta rasu ba za ta musa ba. Amma ni ma tsoro ya kama ni. Tun muna yara muka ji cewa in mujiya ta yi kuka a kan gida, sai a duba jariri. Na san wannan ta azurfa ce, ba ta da maƙogwaro, amma zuciyar da ta yi jana'iza biyu ba ta jin wannan bayani.

Hanya mai sauƙi tana nan: in mayar masa, in ce ya ajiye wa yarinya har ta girma. Sai na ce a'a, mayar da kyauta abin kunya ne, ba a yi a gidanmu. Na zauna na yi tunani mai zurfi irin na masu izu huɗu, na gano dabara. Azurfar ai ita ce kyautar, tsuntsun ne matsala. Washegari na nufi wajen wani maƙerin azurfa Bayamane a tsohuwar kasuwa.

Ya juya ta, ya dube ni. "Ka tabbata, ya Hajji?"

"Yalla, narka."

Ya sake tambaya, na sake cewa yalla. Da ya ce zoben wa za a yi, maimakon in ce na mace, sai na ga yatsana ya miƙa kansa. Har yau ban san wanda ya aike shi ba.

Wata biyar ina riƙe da sitiyari da zoben nan a gaban idonsa. In ya ce, "Yaya mujiyarmu?" sai in ce, "Lafiya lau, tana gaishe ka." Ranar Juma'a kuwa in ga raminta babu komai, sai 'yar takardar, in kau da kai.

Ran nan ya ce in kawo masa ita aron yini ɗaya. Yana rubuta littafin abin da ya tara, yana so ya ɗora takarda a kanta ya goga fensir, ko siffarta ta zauna masa. Na ce makullin adaka ya ɓata. Washegari na ce surukata ta yi tafiya Makka da shi. A rana ta uku mai ɗakina ta tare ni a ƙofa.

"Malam, ƙaryarka ta ƙare, ta gobe ma babu. Mutumin nan ya zauna a tabarmarmu. Je ka faɗa masa."

A cikin mota na faɗa, muna hanyar Abhur ta bakin teku, don in samu abin kallo ban da fuskarsa. Na yi bayanin jarirai, da bango, da Bayamane. Ya ce in tsaya. Na tsaya a gefen titi, teku na hagu. Ya kamo hannuna, ya ciro gilashinsa daga aljihu, ya daɗe yana duba zoben ta kowane gefe, kamar mai neman ko gashin fiffike ɗaya ya tsira.

"Ta wuce yaƙe-yaƙe," ya ce a hankali. "Ta wuce garmar babana. Sai ta gamu da kai."

Na jira zagi, wallahi da ya zage ni da na ji sanyi. Sai ya ce, "Yarinya fa?"

"Tana ƙiba, Hawaja."

"Halas, shi ke nan. Tuƙa."

Bai kore ni ba. Shekara huɗu na ƙara tare da shi, ko ɗaga murya bai yi mini ba, kuma kowace salla yana aiko wa yarinya riga. Amma Juma'a bayan la'asar sai in ji ya turo ƙofar ɗakinsa a hankali, in ji ƙarar aljihun akwati daga waje, ni ina tsakar gida ina goge motar da ba ta yi ƙura ba. Bai sake kirana ba, har ya koma ƙasarsu.

Yarinyar ta rayu, ta zama malamar makaranta. Surukata ta rasu tana gaya wa bango cewa narkawar ce ta cece ta. Ni ban shiga wannan shari'a ba. Zoben dai na so in ba mai shi ranar aurenta, sai ya ƙi fita. Yatsan da ya miƙa kansa ya yi kauri.