Ranar da Jiragen Ƙawance Suka Tashi

Gwaggona, yayar mahaifina, mai wanki da guga ce a sansanin sojojin ƙawance da ke bayan garinmu. Tun ina ƙarami sana'arta ke nan. Mace ce 'yar firit mai faɗan tsiya, hannunta na dama duk tabon dutsen guga. In ka shigo gidanta da riga a yamutse, kafin ta amsa gaisuwarka sai ta ce, "Kai kuma daga bakin kura aka ƙwato ka? Cire, kawo nan."

Babban yaƙin nan ne ya cinye mijinta, ya bar ta da goyo. Da wuta ta mutu, manyan ƙasashe suka taru suka sa hannu, wai daga yau wanda ya taɓa ɗaya ya taɓa duka. Ƙasarmu ta shiga, aka yanka musu fili suka kafa sansani, suka jera jirage. Gwaggo ta ɗauki maganar nan ta sa a zuciya, har ba ta son a kushe su a gabanta. Na taɓa cewa mutanen nan cin abinci kawai suka zo yi, ta bi ni da tsintsiya har bakin ƙofa. Ta ce, "Da akwai su a lokacin, da mijina yana zaune a nan yana jin rashin kunyarka."

Ɗanta guda ne, muna ce masa Gajere saboda sai ya sunkuya yake shiga ɗaki. Da ya ce soja zai shiga, ba ta hana shi ba, tunda a ganinta babu mai gangancin taɓa mu kuma. Ana nan sai aka kai wa babbar cikin ƙawayen hari, yarjejeniya ta motsa nan take, aka kwashi yaranmu har da Gajere aka haye teku da su. Ya dawo da tari da 'yan yatsun ƙafa da sanyi ya lalata. Gwaggo ta sha kukanta a ɗaki, ta fito ta ce, "Mun tsaya musu. Ranar tamu za su tsaya mana."

Ranar tamu kuwa ta zo. An tura Gajere wani ƙaramin bariki a bakin iyaka, sai mayaƙa suka tsallako suka zagaye su, suka datse hanya. Sojojinmu sun yi ta ƙoƙarin isa ta ƙasa abin ya gagara, jiragen ƙasarmu kuwa sun daɗe da zama gidan tsuntsaye. Kowa a gari ya san cewa in ba ta sama aka je ba, yaran nan sun tafi. Ga jiragen ƙawance a bayan gari, kullum ana wanke su ana goge su.

Sai manya suka shiga taro. Wai maharan ba su sa kaki ba, ba su ɗaga tutar kowace ƙasa ba, don haka sai an yi nazari a gani ko wannan shi ne irin harin da yarjejeniya take nufi. Ka ji rainin wayo. Lokacin da aka zo kwasar yaranmu, wa ya tsaya nazari?

Gwaggo ba ta daina zuwa aiki ba. Ɗakin gugarsu dogo ne, tebura a jere an shimfiɗa musu tsofaffin barguna, tururi ya cika ko'ina, ga taga guda da ke kallon filin jirage. Ta ce a nan ta fi jin tana kusa da labari, don kaya ba sa ɓoye mata komai. Kakin ofis kullum ana kawo shi, a sa sitaci a goge. Kayan tashi na matuƙa jirgi kuwa, koraye masu zif da aljihu barkatai, ba a fito da su gaba ɗaya sai za a hau sama. Kuma a sansanin akwai doka, ma'aikaci ba ya tambayar ina za a je.

Wata rana da hantsi sajan mai kula da sito ya turo kwanduna cike da koren kayan nan. Ya ce, "Inna, na matuƙa ne duka. Gobe da safe ake so." Gwaggo ba ta tambaye shi komai ba. Nan take ta ture sauran mata ta ce ita za ta yi. Ta duba kowane zif, ta ɗinke maɓallin da ya yi lako-lako, ko abinci ba ta ci ba. Da yamma ta biyo layinmu gida-gida, duk inda ake da ɗa a barikin nan sai ta leƙa ta ce, "Ku kwantar da hankalinku, gobe za su tashi. Da hannuna na shirya musu kaya."

Da safe matan layin suka fito suka tsaya a titi, ni ma ina tsaye kusa da ita. Muka ji ƙara, sai ga jiragen sun taso a jere, ƙasa-ƙasa, har kwanon rufi yana amsawa. Gwaggo ta ɗaga hannu biyu tana musu addu'a. Da suka zo tsakiyar gari sai suka saki hayaƙi mai launi-launi, suka yi wata kwana mai kyau, suka nufi filin fareti inda manya ke zaune a inuwa. Ashe ranar ce zagayowar ranar da aka sa hannu a yarjejeniyar. Suka yi wasansu, aka tafa musu, suka koma suka sauka.

Wata maƙwabciya ta ce a hankali, "Wataƙila gwaji suke yi tukuna." Gwaggo ta sauke hannunta, ta dubi matan da ta yi wa albishir ɗaya bayan ɗaya, ta shige gida. Ban taɓa jin na tsani wani abu a duniya kamar yadda na tsani hayaƙin nan ba.

Ba a jima ba barikin ya faɗi, babu wanda ya fita da rai. Ƙawaye suka aiko da ta'aziyya, wai suna tare da mu. Har jirgin ɗaukar kaya suka bayar a kwaso gawarwaki. Wannan kam bai buƙaci taro ba.

Ranar da za a kawo su, aka ce mini Gwaggo ta tafi aiki, na bi ta a fusace. Na same ta ita kaɗai a bakin tebur, ga tulin tutocin ƙasarmu da aka fito da su daga sito, duk sun karye da ninki, waɗanda za a lulluɓe gawarwakin da su. Sajan yana tsaye a ƙofa ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce mini, "Na ce ta je gida wata ta yi, ta ƙi."

Na ce, "Gwaggo, ajiye dutsen nan mu tafi. Wallahi da ni ne, sai na bar shi a kai ya ƙone tutocin ƙurmus, mutanen nan su goge kayansu da kansu."

Ba ta ɗago ba. Ta yayyafa ruwa, ta bi gefen tutar a hankali, ta ninke ta, ta jawo wata. Sannan ta ce, "Matsa mini daga haske. Duka zan goge, ban san wacce za a lulluɓa masa ba."