Sunan da ƙanwata ba ta faɗa

Ɗan farin ƙanwata ya ɓata yana shekara shida, lokacin da manyan motoci suka fara ratsa Suleja da kayan ginin sabon birnin Abuja. Ina Kumasi a lokacin, ina fataucin goro. Wasiƙa ce ta kai mini labari.

Yaron yana hannun kakarsa ne a Bagama, kamar yadda ake yi da ɗan fari, amma yakan zo wajen uwarsa ya kwana biyu. Wata Laraba ya bar gidan kakar, ya ce gidansu za shi. Kakar ta ɗauka ya isa. Ƙanwata ta sa ran zuwansa, ta ji shiru, ta kasa tambaya. Mace ba ta cigiyar ɗan fari a gaban surukai, ko sunansa ba ta kamawa. Sai ranar Asabar gidajen biyu suka gane ba ya ko ɗaya. An bi kasuwa da tasha, an je har Tafa. Babu wanda ya gan shi.

Na taɓa ganin wata mata a Duwala da ɗanta ya ɓace mata na awa guda. Ta cika kasuwa da ihun sunansa har aka kawo mata shi. A Kartum ma na ga irin haka. Tamu ta yi kawaici, aka yaba mata. Ta haifi biyar bayansa, kuma in an tambaye ta 'ya'yanta nawa, sai ta ce a tambayi babansu.

Bara jikarta, wadda ke zuwa aiki Abuja kullum, ta zo da dabara ina zaune. Ta ce yanzu ana cigiya a waya, har waɗanda suka tsufa a hannun wasu ana samu. Hotonsa babu, don haka muryar uwar take so.

"Tsohuwa, ki kira sunansa kawai, in ɗauka."

"Ja can, marar kunya. Tambayi wannan, ya san shi," in ji ƙanwata, tana nuna ni.

"Muryarsa kamar tsohuwar tifa? Taki nake so."

Ƙanwata ta kalli wayar. Sannan ta juyo gare ni.

"Yaya, ko na faɗa ba zai gane ni ba. Bai taɓa jin sa a bakina ba."

"To, da me kike kiransa?" in ji yarinyar.

Ta gyara mayafi, ta matso da bakinta, ta ɗaga murya yadda ake yi daga madafi.

"Kai wancan! Zo ka ɗauki tuwonka."

Wannan kiran nata aka tura, ni na rubuta sunan a ƙasa. Wata bakwai ke nan. Mutum biyu sun kira, duka shekarunsu ba su kai ba. Ƙanwata, wadda a da ba ta ko taɓa waya, yanzu ita ke tuna wa yara su sa ta caji.