Lasifikar da Aka Rataya a Darbejiya

Babu wata daula da ta taɓa faɗuwa a tarihin duniya sai da wani babba ya yi magana a inda bai kamata ba. Na yi shekara da shekaru ina karantar da wannan a aji, ban taɓa zaton zan gan shi da idona ba, balle a ce a kan ruwan leda.

Bayan na yi ritaya daga koyarwa, wata ƙungiya ta shirya bita a garinmu, can kan hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa. An gayyato shugabannin sana'o'i domin a koya musu abin da za su faɗa wa jama'a idan tsautsayi ya afka wa harkarsu. Akwai mai injin casar shinkafa daga Bebeji, da wata Hajiya mai makarantar kuɗi daga Ƙiru, da shugaban masuntan bakin Tiga. Sai kuma Alhaji mai kamfanin ruwan leda na garinmu, wanda taubashina ne, ɗan kawuna. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da tsiya ba. Gonarsa ta gado ya sayar ya haƙa burtsatse ya sayi inji, don haka duk abin da ya mallaka yana cikin ledar nan.

Malamar da ta zo daga Kano domin gudanar da bitar ta taɓa aiki a gidan rediyo, kuma ta san abin da take yi. Ta ce kada a ɓoye, kada a yi jinkiri, kada kuma a ce ƙaddara ce a ja baki a yi shiru. Daga nan sai gwaji: za a ƙirƙira wa kowa masifa, ya tashi ya kare kansa. Ni aka ba matsayin ɗan jarida, wai don bakina bai yi ritaya tare da ni ba.

Abin da ba mu lura da shi ba shi ne aikin mai lasifikar da aka ɗauko haya. Mutumin ya saba da walima da wa'azi da saukar karatu, kuma a wajenmu taron da ba a ji shi daga waje ba, an raina mai shi. Saboda haka ya rataya babbar lasifika guda a darbejiyar ƙofar zaure, bakinta na kallon kasuwa. Babu wanda ya ce ya yi, babu wanda ya ce kada ya yi. Ranar kuwa kasuwa na ci.

Da taubashina aka fara. Na gyara murya.

"Alhaji, an ce yara sun sha ruwanka sun kwana suna amai da gudawa. Me za ka ce?"

"Uban wa ya ce?"

"A'a, Alhaji," in ji Malama, "ba haka muka yi da kai ba."

Ya harare ni, ya gyara zaman hula, ya sake sabon lale. Ban taɓa jin ya yi magana mai kyau irin ta ranar ba. Ya ce gaskiya ne, laifin daga wajensu yake. Ya ba iyayen yara haƙuri har muryarsa na rawa. Ya roƙi kowa ya dakata da shan ruwansa sai an gama bincike. Muka tafa masa.

Tafin bai gama mutuwa ba muka ji sallama. Wasu dattawan unguwarmu ne a bakin ƙofa, sun tuɓe takalma, fuskokinsu a jimame.

"Alhaji, ashe abin da ya faru ke nan? Mun ji a kasuwa muka ce bari mu zo jaje. Allah ya kiyaye gaba. Yaran na wace unguwa ne?"

Taubashina ya dubi dattawan. Ya juyo gare ni a hankali.

"Ka kashe ni, tsohon banza. Abin da ka daɗe kana nema ke nan."

Ya yunƙura zai je ya tsinke wayar lasifikar da hannunsa, Malama ta tare shi. Ta ce idan lasifikar ta yi shiru yanzu, maganar ƙarshe da kasuwa ta ji ita ce za ta zauna. Ta miƙa masa makirfon ya yi bayani cewa gwaji ne. Ya yi, amma ni ma da nake kusa da shi ban ji ya gamsar da ni ba. Wa zai yarda da mutumin da yanzun nan ya amsa laifi yana neman kuka?

Sai Malama ta dube ni ta ce, "Malam, ci gaba. Kira na gaba, kuma ka ɗaga murya."

Na cinna wa injin mutumin Bebeji gobara, ya tashi ya ba manoman da suka kawo shinkafarsu casa haƙuri. Na ruɓar da kifin Tiga gaba ɗaya. Na sa iska ta yaye kwanon makarantar Hajiya.

"Malam, ka ji tsoron Allah," in ji ta, "kwanon nan sabo ne fil!"

A nan muka fara jiyo dariya daga waje. Ko mai saurin yarda ya san masifu ba sa yin layi haka a safiya ɗaya. Kafin azahar gindin darbejiya ya cika, har wani mahauci yana leƙowa ta taga yana ba ni tambayoyin da zan yi wa Hajiya. Dattawan jaje ma ba su tafi ba, kujeru aka ba su.

Bayan salla na raka Alhaji muka ratsa kasuwa, yana tafe kamar mai shiga ɗakin jarrabawa. Ko'ina tsiya ake masa, ana tambayarsa jikin yara, amma kowa da leda a hannu yana tsotsa. Da muka fita ɗaya ƙofar ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ce ilimi abin nema ne, bitar nan ta ceci gidansa. Har ya yafe mini, bisa sharaɗin kada in sake riƙe makirfo a gabansa.

Washegari na tsaya wajen wani mai shago na tambaye shi ko mutane sun ɗan dakata da saye kafin a gane wasa ne.

"Su sha me, Malam?"

A lokacin duk garin babu wani kamfanin ruwa sai nasa.