Wuƙar Kawu Labo

Ina ban ruwa a garka aka zo aka ce mini Kawu Labo ya cika. Na yi salati. Abin da ya faɗo mini a rai bayan nan, Allah Ya yafe mini, rassan mangwaro ne. Iska ta kayar da tsohuwar bishiyar da kakanmu ya dasa, Kawu ya yanko rassanta na ƙarshe ya naɗe a jiƙaƙƙen buhu, zai ɗaura su a kan ƙananan dashe don kada irin ya ɓace.

Duk Madarumfa an san shi da 'yar wuƙarsa mai ninkewa. Mai araha ce, irin wadda 'yan dako da masunta ke saye tun da fatake suka fara kawo ta daga bakin teku. Da ita yake yi wa mangwaro aure, kuma ba ya ba kowa aro.

Matarsa, Inna Hajo, ta taɓa roƙonsa za ta yanka albasa.

"Albasa? So kike mangwaron bana ya yi warin miya?"

Ya tashi da kansa ya aro mata ta maƙwabta.

Ɗansa ya kawo masa wata wuƙa mai ƙyalli daga Katsina. Ya sa masa albarka, ya rataye ta a bango yana duba gemunsa a jikinta.

Irin tsohuwar wuƙar tasa ta yi baƙin suna, don 'yan iska ma suna yawo da ita. Wata rana wani mai kaki ya karɓe ta a hanyar Ɗan Issa. Kawu ya sauka daga mota, ya shimfiɗa buzunsa.

"Tsoho, motarku za ta tashi."

"Ta tashi. Tare kuka kama mu. Mi ake ci nan da rana?"

Kafin la'asar an mayar masa, har aka tsayar masa da wata mota.

Ni kuwa shekara da shekaru ina riƙe masa zaren ɗauri. In na ce ya bar ni in gwada, sai ya ce, "Sai baɗi. Hannunka na rawa."

Bayan jana'iza Inna Hajo ta miƙo mini wuƙar. Ta ce, "Ga ta nan, ba ta taɓa albasa ba."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sanyaya makwancinsa, Ya sa inuwar da ya dasa ta bi shi.

Rassan ba sa jira, ganyensu ya fara yaushi. Na ƙara wa buhun ruwa, na buɗe wuƙar, na sake ninke ta. Dashen bakin rijiya yana nan, ba a yi masa aure ba.