Ɗuren da Muka Yi wa Kaka

Ku matso kusa ku ba ni kunnuwanku, mai daka ta jingine taɓarya. Wannan labari babu Gizo a cikinsa. Da idona na gani, da hannuna kuma na yi.

Jiya jikata ta kaɗa miyar karkashi, ta ɗaga ludayi, yauƙi ya biyo shi kamar zare. Ina ganin haka sai ga ni a gidanmu na 'Yandoto, tun ba a ba mu jiharmu ba, ina 'yar shekara goma sha uku, durƙushe a ɗakin Kaka.

Kaka ita ta haifi Baba. Mai daddawa ce, mai ƙarfin hannu da kaifin baki. Duk jaririn da aka haifa a gidan nan ita ke masa ɗure. Takan kwantar da shi a cinya, ta tara tafin hannu a bakinsa, ta zuba bauri, yana tsala kuka tana cewa, "Sha, ja'iri, ni ma haka aka yi mini."

Ciwon ya shigo mata ba sallama, lokacin girbi. Dunƙulen daddawa ya riƙa suɓucewa daga hannunta. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni ya lotsa. Idan ka zuba ido a damtsenta sai ka ga tsoka tana motsi ƙarƙashin fata kamar 'yan kifaye a ruwa mara zurfi, kuma ta ce ba zafi. Da girbi ya sake zagayowa ƙafafu sun tafi. Daga nan harshe ya yi nauyi, magana ta riƙa fita a dame, har ta daina fita.

Baba ya kai ta asibiti a Gusau tun tana iya zama a mota. Likita ya duba ta da kyau, ya ce jijiyoyin da ke motsa tsoka ne suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a san abin da ke tsayar da su ba. Baba ya dawo da maganar a cikinsa, Inna kaɗai ya faɗa wa.

Gwaggo, ƙanwar Baba da ke aure a Kucheri, ta taso ta zo jinya. Mace ce mai son uwarta, ba ta iya zama ta naɗe hannu. Ta samo wani mai magani a kasuwar Tsafe. Mutumin daga bakin ƙofa ya tsaya, ya leƙa, ya ce iska ce. Ya bar mana tulun jiƙon saiwoyi, baƙi, tsinkakke kamar ruwan rijiya, ya ce, "In ta ƙi sha, ba ita ba ce, su ne. Ku ɗura mata."

Ta kuwa ƙi sha. Da an kawo ƙoƙo sai ta datse haƙora, idanu su fito. Gwaggo ta ce, "Kun gani ko? Sun ji ƙamshin abin da ya fi ƙarfinsu!" Sai a kwantar da ita rigingine, Gwaggo ta toshe mata hanci, ta zuba. Ni nake riƙe kan. Kaka takan shaƙe, ta yi tarin da ba shi da ƙarfin fita, jiƙon ya dawo ta hanci, leɓe ya yi baƙi. Mu kuwa muna murna, wai mutanen ɓoye suna shan wuya. Safe da yamma, kwana tara.

Daga nan ko ruwan randa ta ƙi. Bazara ce, tabarma ma zafi take yi. Kwana biyu ba abin da ya wuce maƙogwaronta, leɓunanta suka tsage. Mata suna zaune a kanta suna shawarar inda za a sayo likkafani, kamar ba ta ɗakin.

Kawu, yayan Inna, shi ya ce akwai wani tsoho a Bungudu. Ya je da kansa ya ɗauko shi, suka iso da hantsi. Tsohon ɗan siriri ne, da 'yar jakar fata guda wadda ba ta kai tafin hannu biyu ba. Gwaggo ta dubi jakar ta taɓe baki.

Tsohon ya tuɓe takalmi ya shiga har ciki. Bai gaida kowa ba sai Kaka. Ya durƙusa ya ce, "Kaka, ina kwana? Ya jiki?" Sannan ya tsaya yana jiran amsarta.

Gwaggo ta ce, "Malam, ai ba ta magana."

Ya ce, "Na sani. Ba ke na gaida ba."

Ya dubi Kaka cikin ido. "In kina ji na, ƙifta sau ɗaya. In a'a ce amsarki, sau biyu."

Kaka ta rufe ido, ta buɗe.

Jama'a! Wata nawa muna juya ta kamar buhu, ashe tana nan ciki, cif, ba abin da ya ragu.

Ya roƙe ta ta buɗe baki, ya daɗe yana kallon harshen, wanda ya ƙanƙance yana rawa shi kaɗai. Ya ɗora yatsu biyu a maƙogwaronta, ya ɗiga mata ruwa ɗigo uku, ya kara kunne. Ta shaƙe.

"Maganin kike ƙi?" Sau biyu.

"Ruwa ke bin hanyar numfashi?" Sau ɗaya.

"Kina jin ƙishirwa?"

Ta ƙifta sau ɗaya, hawaye suka biyo. Gwaggo ta ɗora hannu a ka ta zube ƙasa.

Tsohon ya ce, "Babu kowa a jikin baiwar Allah nan sai ita. Ƙofar maƙogwaro ce ta yi sanyi, ruwa kuwa ya fi ta sauri." Ya tambayi Kaka ko tana son jin gaskiya, ta ce tana so. Ya ce, "Sau biyu na ga irin wanga ciwo, sau biyu ya kayar da ni. Ba ni da itacen da zai tashe ki. Amma in Allah Ya yarda ba za ki tafi da ƙishirwa ba."

Bai ko buɗe jakar ba. Ya aiki Baba bakin rafi ya sassaƙo ɓawon dargaza. Ya daddaka shi, ya jiƙa, ya murza har ruwan ya yi yauƙi, ya tace. Ya sa Inna ta dama kunun gero mai laushi, ya haɗa, ya ɗiga zuma. Ya ce a zaunar da Kaka ta jingina da ƙirjina, a sunkuyar da haɓarta. Ya ɗebo rabin ƙaramin ludayi ya tsaya a bakinta, bai tura ba.

"Sai kin shirya."

Ta buɗe baki. Ina jin bayanta a ƙirjina, na ji lokacin da kunun ya wuce, a hankali, salin-alin, ba tari. Ta sha ludayi bakwai.

Tsohon ya ce, "Ke tsohuwa, ashe ko ba baki kina gardama. Kwana tara kin gagari gida guda!"

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Kaka. Sai da muka dubi fuskarta muka gane dariya ce.

Kafin ya tafi ya nuna mana yadda za mu murza mata gaɓoɓi da man kaɗe da citta idan sun ɗaure. Ya ce kullum a tambaye ta kafin a taɓa ta.

Kaka ta ga damina, ta ji ƙamshin sabon gero, ta rasu bayan girbi, numfashi ya yi ta raguwa har ya tsaya. Baba ya bi ta bayan shekara shida. Inna tana nan da ranta, ido ya tafi. Gwaggo har ta koma ga Allah ba ta sake yarda an yi wa jariri ɗure a gabanta ba. Mai maganin kasuwa na ji ya sayi mota da lasifika. Tsohon Bungudu bai sake zuwa ba, Kawu ya ce ya rasu, 'ya'yansa kuma ba wanda ya ɗauki jakar.

Ni kuwa aure ya kawo ni Wonaka, na haifa, na ga jikoki. Amma kafin Kaka ta tafi, wata safiya da na gama ba ta kunu, na ce, "Kaka, ni na riƙe miki kai. Kin yafe mini?"

Ta ƙifta sau biyu.

Ta bar ni sai da na fashe da kuka. Sannan dariyar nan ta taso daga ƙirjinta, ta rufe ido sau ɗaya, a hankali, ta buɗe.